Na Sa Dodanniyar Inna Ta Tuba

Lalla Batul, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan kai wa kukana. Mahaifiyata ce ke fushi da ni. Mijina dariya yake yi, 'yan'uwana malamai kuma suna cewa fushin tsofaffi ne, zai wuce. Wata uku ke nan bai wuce ba.

Ni malamar Turanci ce a wata ƙaramar sakandare a garin Sefrou, shekarata tara ina aikin. Littafin da muke koyarwa da shi cike yake da yara masu hawa jirgin sama, ɗalibaina kuwa rabinsu ko birnin Fas da ke kusa da mu ba su taɓa wucewa ba. Sai su zuba min ido kamar ina karanta musu takardar magani. Bara ma'aikatar ilimi ta ce kowane darasi ya zo da ɗabi'a ta gari da za a rubuta a ƙasan allo, gaskiya ko haƙuri ko ladabi. Nan ne tatsuniyoyin mahaifiyata suka faɗo min a rai.

Lalla Batul, da kin san Innata a da! Lalla Zuhur ake ce mata, ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa, amma in sanyi ya shigo muka yi sallar magariba muka kewaye kaskon wuta, tana taje ulu tana ba da labari, har 'ya'yan maƙwabta sai an zo an janye su da kunne. Ɓawon lemo take jefawa cikin garwashi, har yau in na ji ƙamshinsa sai hawaye ya zo min. Ba ta yi ƙuruciya ba, tana shekara goma sha biyu uwarsu ta rasu ta bar mata ƙanne uku, ita ta raine su, ban san inda ta samu lokacin tara labarai haka ba. Da rana kuwa ko za ka mutu ba za ta yi maka tatsuniya ba, wai 'ya'yanka za su zo da sanƙo, sai dai in an fara ƙirga azara goma sha ɗaya a rufin ɗaki. Da na ce zan kai labaranta aji, cewa ta yi, “Ajin naku yana da azara?” Na ce siminti ne. Ta ce, “To ki ƙirga ta gida kafin ki fita, kada ki jawo wa jikokina.” Wallahi ina ƙirgawa.

Duk Juma'a bayan an ci abincin kuskus a gidanta sai in tsaya har yamma, ta ba ni tatsuniya ɗaya, in rubuta, in mayar da ita Turanci mai sauƙi. Ajina ya farfaɗo. Yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba suka fara rigimar wa zai karanta.

Wadda na fi so tun ina ƙarama ita ce ta 'yar mai gurasa. Dodanniya ta shigo gari, yarinyar ta ɓoye ƙannenta cikin tanderun babansu da ya huce. Dodanniya ta ce ina ƙannenki, ta ce sun tafi rafi shayar da jaki. Dodanniya ta ruga rafi, ruwa ya tafi da ita. Ɗabi'ar wannan makon kuwa gaskiya ce, ga kuma jarumata ta shara ƙarya ta ci riba. Si Mahjub, mai duba makarantun yankinmu, mutumin kirki ne, ya karanta ya ce, “Malama, labari ya yi daɗi, amma me za ki rubuta a ƙasan allo?” Sai na gyara. Na sa yarinyar ta nuna tanderu ta faɗi gaskiya, gaskiyar ta taɓa zuciyar dodanniya, ta yi kuka ta tuba ta rungume yaran. Akwai ɗalibata Widad da ta tambaye ni, “Malama, ke nan in wani ya zo cin ƙanwata sai in nuna masa ita?” Na ce ta zauna, lokaci ya ƙure.

A bikin ƙarshen zango yaran suka yi wasan kwaikwayonsa da Turanci. Ni da kaina na ɗauko Inna, na zaunar da ita a sahun gaba, ina taƙama cewa yau za ta ga labarinta. Na yi zaton tunda ba ta jin kalma ɗaya ba za ta lura ba. Tana ta murmushi har inda yarinyar ta miƙa yatsa ta nuna tanderun kwali. Ana tafi, ita hannuwanta na kan cinya. Da muka koma gida, a bakin ƙofa ta juyo ta ce, “Wace 'yar banza ce ke nuna ƙannenta? Ni na ba ki wannan?”

Tun ranar ta rufe baki. Tana karɓata, tana zuba min shayi, amma in na ɗauko littafin rubutu sai ta ce, “Ai ku masu ilimi kun fi mu sanin yadda ya ƙare.” Ta haura tamanin, ta fara kirana da sunan yayata. Tatsuniya goma sha huɗu kacal na rubuta, na san sun fi ɗari. Ga Si Mahjub yana son a buga gyararrun a raba wa makarantu. Tsorona ta tafi da sauran tana fushi da ni. Yaya zan yi?

Malamar da ta ɓata ƙarshen labari

*

'Yata, share hawayenki, wannan mai gyaruwa ne, amma kada ki ja lokaci.

Niyyarki ta gari ce. Kin ga yara suna gyangyaɗi kin nemo musu abin da ya tashe su, kuma Si Mahjub bai yi laifi ba da ya tambayi me yara za su ɗauka. Kuskurenki ɗaya, kin je neman ɗabi'a a jerin da aka ba ki, ba ki duba wadda ke cikin labarin ba. Yarinya ta tsaya gaban abin da zai iya cinye ta, ta ƙi ba da ƙannenta. Wannan riƙon amana ne, kuma ban san malamin addinin da zai ce a nuna wa azzalumi maɓoyar wanda yake farauta ba. Widad ta gane haka kafin ku manya.

Sake karanta wasiƙarki. Ke kika rubuta cewa mahaifiyarki tana shekara goma sha biyu aka bar mata ƙanne uku. Allah kaɗai ya san su wa suka ƙwanƙwasa mata ƙofa a shekarun nan, da abin da ta gaya musu. Ba ta buƙatar Turanci ta gane abin da ta gani, ita kika tsayar a gaban jama'a kika sa ta nuna tanderu.

Ki mayar wa labarin da ƙarshensa, ki kai shi aji, ki rubuta tambayar Widad a ƙasan allo, ki bar su su yi gardama a kai da Turancinsu mai gargada. Za su yi magana fiye da yadda kika taɓa ji. Ki gayyaci Si Mahjub ya zauna a baya ya saurara, ina kyautata zaton zai yarda. Bugawa kuwa ta dakata sai mai labarai ta amince, sunanta kuma ya hau bango.

Ranar Juma'a ki bar littafin rubutu a gida. Ki nemi gafararta a fili, ba tare da kawo hujjar ma'aikata ba. In ta yi shiru kada ki matsa. Ki jira a yi magariba, ki jefa ɓawon lemo a wuta, ki fara ba ta labarin da kanki yadda ta ba ki shi kina ƙarama. In kin kai inda dodanniya ta ce ina ƙannenki, ki yi shiru, kome tsawon shirun kada ki cike shi. Matar nan ba ta taɓa barin yaran nan cikin tanderu ba, ba na jin za ta fara yanzu.

Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana, ya sa ki cika littattafai da muryarta.

Lalla Batul