Ƙofar da Ammi Ta Zaɓa

Gujranwala, farkon damina

Zuwa ga yayata, Baji Sosan,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ya Karachi, ya gwiwar taki? Ina fata maigidan ya samu sauƙi. Mu nan sai godiya, in ban da jikin mahaifiyarmu, Ammi. Ba ta iya cin komai sai 'yar gurasar roti da aka jiƙa a shayi, amma bakin nan nata yana nan daram.

Maganar cocinmu ce ta sa na rubuto. Tun da shaguna suka kewaye mu, aka yi ta ɗaga titi har cocin ya koma cikin rami, ruwa yake kwanciya a gindin hasumiyar da ke kan babbar ƙofa. Yanzu ta tsage tun daga wajen ƙararrawa har ƙasa, hannuna yana shiga. Ranar Lahadi jan bulo ya faɗo gab da inda mata ke cire takalma. Mu dattawan ikilisiya muka zauna, muka ɗaga hannu, aka rufe babbar ƙofa sai an yi gyara. Da hannuna a ciki. Yanzu kowa ta 'yar ƙofar gefe yake shiga.

Ke kin bar gida da wuri, ban sani ba ko kin ji labarin ƙofar nan. Da Turawan mishan suka gina cocin, babbar ƙofa da bencin gaba na malamai ne da ma'aikatan gwamnati. Mutanenmu masu shara, ƙofa aka fasa musu a gefe, su zauna a tabarma can baya. Ta nan Ammi ta shiga duk ƙuruciyarta. Shi ya sa ko da aka daina wannan, ba ta wuce babbar ƙofa sai ta tsaya a tsakiya tana gyara mayafi, ta tare wa kowa hanya.

Da na gaya mata hukuncinmu, cewa ta yi, "Ku rufe abinku, Patras. Amma ranar da za ku fitar da ni, ta babbar ƙofa nake so. Ka ji ko, dattijon jeka-na-yi-ka?" Na yi dariya na ce na ji.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Patras

Gujranwala, tsakiyar damina

Baji,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Ya haƙuri? Allah ya ta'azantar da mu duka. Kada ki damu da rashin zuwanki, kowa ya san halin da ƙafarki take ciki. Akwai abin da na kasa faɗa miki a waya.

Ammi ta cika da safe, matata tana rera mata Zabura. Da zafin nan ba a jinkirta jana'iza, sai na nufi wajen Fasto Nazir na roƙe shi ya buɗe babbar ƙofar. Ya riƙe hannuna ya ce, "Patras, kai za a koya wa? A cocinmu fasto ba ya warware abin da dattawa suka yanke. Tara su."

Na tara su. An sha ruwan sama kwana da kwanaki, tsagewar ta ƙara buɗewa. Wasu suka ce Ammi ta cancanta, a buɗe na ɗan lokaci. Dattijo Khushi, wanda ba ya iya tauna magana, ya ce, "In bulo ya sauko kan masu ɗaukar akwati, gawa nawa za mu binne? Yuhanna ɗanka ma yana cikinsu." Fasto ya ce masu son a buɗe su ɗaga hannu. Aka rabu biyu daidai, saura ni. Ni na kira zaman, Baji, ni na yi mata alkawari, amma hannun nan ya ƙi barin cinyata.

Ta ƙofar gefe muka shigar da ita, ta nan muka fitar. Ba a yi ƙofar don faɗin akwati ba, dole muka karkata shi. Ina riƙe da wajen kai, na ji ta zame ta jingina da katako. Mata suna ta rera Zabura, babu wanda ya ji sai ni.

Kowa yana cewa na yi daidai, har waɗanda suka ɗaga hannu. Ba ya yi mini amfani. Kullum na bi ta kasuwa sai na ɗaga kai na dubi hasumiyar, kuma tun ranar ko tsakuwa ba ta sake faɗowa ba. Wani lokaci, Allah ya yafe mini, har so nake ta faɗo.

Ki gaida maigida da yara. In kina da maganar da za ki faɗa mini, ko mai zafi ce, ki rubuto.

Ƙaninki,
Patras