Hannun Mai Ɗori

Hungari, 22 ga Satumba

Yaya Mardiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara a Jega. Ya jikin Baba?

Makaranta ta turo ni wani ƙauye a nan ƙasar Hungari koyon aikin gona, kuma wallahi da kin ga garin nan sai kin yi dariya. Wata tara a shekara babu kowa sai tsofaffi da karnuka. Amma da inabi ya nuna, sai ga manyan motoci cike da baƙi daga ƙasashe, kowane ƙarshen mako da bikinsa. A hau keken doki a zaga gari da kiɗa, mata su sha ado da zannuwa masu aiki, a gasa nama a bakin titi. Abin da ya fi ɗaure min kai, baƙin nan biya suke yi don a bar su su tsinki inabi. Ki duba, wai mutum ya taso daga Legas ya biya don ya tone mana albasa a Aliero!

Ga dalilin takardar. Jiya wani dattijo cikin baƙin ya faɗo daga keken doki, hannunsa ya karye daga wuyan hannu. Jama'a suka tsaya ihu. Ban san lokacin da na durƙusa ba, na ja, na daidaita, na tsaga sandar da ake tokare inabi da ita, na ɗaure da mayafin tebur, daidai yadda Baba yake yi a zaure. Da likita ya zo sai ya tambayi wa ya yi wannan aiki. Wani ya ɗauki bidiyo, ga shi na haɗo miki. Ki nuna wa Baba. Ya ce in na dawo baɗi zai yi min tofin gidanmu a tafin hannu ya miƙa min ɗori, to ya ga ban manta ba.

Ƙaninki,
Ubaidullah

Jega, 29 ga Satumba

Ubaidu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gaisuwar ke nan, don raina a ɓace yake.

Ni ma da wautata, ban kalli bidiyon ba na ɗauki mota zuwa Aliero ina rawar jiki. Na miƙa wa Baba waya a zaure, ga 'yan jinya, ga maƙwabta, kowa ya leƙo. Kai ka ga hannun da ka ɗora, su kuwa abin da ke bayanka suka gani. Ganguna jere har rufi, maza da mata riƙe da kofuna, kai kanka da rigar aiki mai hoton kwalba a ƙirji. Noman 'ya'yan itacen da ka ce mana kana koyo ke nan? Gidan giya, Ubaidu?

Baba ya kalla har ƙarshe, ya ajiye wayar a tabarma. Ya ce, "Wa yab ba shi izinin taɓa ƙashi? Hannun da ka ɗaukar kayan giya ba shi ɗora ƙashin mutane da sunana." Ranar bai ci tuwo ba.

Tunda ka tambayi jikinsa, bari in daina ɓoye maka. Ƙafafunsa sun kumbura, hannu yana rawa. Makon jiya aka kawo wani manomi daga Gumbin Kure da karayar cinya, Baba ya kasa ja, sai 'yan'uwan mutumin suka ja yana gaya musu da baki. Ka san kai kaɗai ne namiji. Ni na riƙe ƙafafu a zauren nan tun kana rarrafe, amma a gidanmu ba a yi wa mace tofin. In bai ba ka ba, da shi zai tafi.

Yayarka,
Mardiyya

Hungari, 3 ga Oktoba

Yaya,

Salamu alaikum. Na karanta takardarki sau uku, na kasa fita gona.

Na rantse da Allah ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba. Ina sallata a bayan ɗakin ajiya, mai gonar ma ta san lokutan. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, ina tsinka, ina ɗauka, kuma ni nake juya injin matse inabin. Na san inda ruwan yake zuwa. Na ce wa kaina wata uku ne, wa zai sani, sai ga shi ni na aika da shaida da hannuna.

Barin aikin yanzu ba zai yiwu ba. Bikinsu na ƙarshe ranar sha ɗaya ga Nuwamba ne, ranar suke buɗe sabuwar giya su ci naman dinya, daga nan baƙi su watse gari ya mutu. Sai bayan bikin mai gonar za ta sa hannu a takardar makaranta. In babu wannan sa hannun, shekara biyun da na yi a ƙasar nan sun tafi a banza. Ki durƙusa masa a madadina, ki ce mako shida kawai nake roƙo.

Ki gaida shi, ko ba zai amsa ba.

Ubaidullah

Aliero, 19 ga Oktoba

Ubaidu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka ga daga inda nake rubutu, na dawo gida jinya, don Baba ba ya fita zaure yanzu.

Na daɗe ina neman ranar da zan karanta masa takardarka, sai shekaranjiya da ya ɗan sha kunu. Na karanta masa ita duka. Can ya ce, "Ki ce mai shi taho, ina ba shi. Amma shi za shi barin aikin da kainai. In yaj jira anka gama biki, aikin na yab bar shi, ba shi yab bar aikin ba." Na ce Baba karatunsa fa? Ya ce shi ma ya bar abubuwa kafin kakanmu ya tofa masa, bai mutu ba.

Na yi kuka, na yi faɗa, har na ce to ya ba ni ajiya in riƙe maka. Ya yi 'yar dariya ya juya fuska bango. Taurin kan nan naku ɗaya ne, ni ce a tsakiya kamar tsumman ɗori.

Ban ce ka zo ba, ban ce ka zauna ba. Amma na ga idonsa, kuma ba na jin yana da mako ukun da suka rage.

Yayarka

Hungari, 2 ga Nuwamba

Yaya,

Salam. Ki yafe min shirun. Sau biyu ina haɗa jaka ina kwancewa. Saura kwana tara kacal a yi bikin, na yanki tikitin ranar sha uku. In na durƙusa a gabansa da kaina zai sauko, na san Baba. Ki ce ya jira ni.

Ubaidullah

Aliero, 9 ga Nuwamba

Ubaidu,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu ranar Alhamis da hantsi, an kai shi bayan azahar.

Na gaya masa ranar zuwanka, ya ƙirga da yatsu. Ana gobe zai rasu na sake roƙonsa. Ya kamo hannuna ya buɗe tafin, ya daɗe yana kallo, har na ji numfashinsa a kai. Sannan ya naɗe min yatsuna ya sake ni.

Yau da safe aka kawo wata mata daga Mungadi a bayan a-kori-kura, ƙaurinta ya karye, ba su ji labari ba. Mijinta ya yi ta'aziyya, ya tambayi wa zai zauna a zaure yanzu. Na ce masa babu kowa, su wuce asibiti.

Kada ka yi gaggawa. Ka tsaya ka karɓi sa hannunka.

Allah Ya jiƙansa, Ya ba mu haƙuri.

Mardiyya