Yajin Aikin da Aka Janye Ba a Gaya Mini Ba

Zuwa ga Sakatare Janar na sandika, ƙungiyar ma'aikatan gidan waya, Yamai,
ta hannun wakilin sandika na Difa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da sauran 'yan kwamiti. Ina yi muku sannu da ɗawainiya.

Sunana Habu Isufu, mutumin Damagaram. Ni kaɗai ne ma'aikaci a ƙaramin gidan wayar da ke bakin kogin Komadugu, a kan hanyar Bosso. Ni ke sayar da tambur na manna wa wasiƙa, ni ke biyan manda, wato kuɗin da ake aiko wa mutane, ni ke rarraba wasiƙu, ni ke share ofis. Sanarwarku ta sabon yajin aiki ta iso mini, tare da umarnin kowa ya ce yana ciki ko ba ya ciki. Na zaɓi in ba da amsata a bainar jama'a, domin na sha rubuta muku a asirce, ban taɓa samun ko layi ɗaya ba.

1. Ina so a fara fahimtar cewa ba na jayayya da dalilan yajin. Jinkirin albashi ne ya sa na mayar da matata da 'ya'yana gidan surukina a Damagaram, abin da har yau nake jin kunyarsa. Rufin ofishina yana zuba, in hadari ya taso sai in ɗora jakar wasiƙu a kan kujera in lulluɓe ta da leda. Layin tarho ya mutu tun da iska ta kayar da turakun waya, ba a kuma sake tsayar da su ba. Wanda ya ce ma'aikacin gidan waya ba shi da hujjar ajiye aiki, to bai taɓa tsayawa a bayan kanta ba.

2. Kokena a kan yajin da ya gabata ne. Lokacin da za a fara shi, wakilinku na Difa ya turo mutum a kan babur har ƙofata, da takarda mai hatimi. Na karanta, na rufe ofis, na koma ɗakina. Ni ban yi makaranta mai zurfi ba. Abin da na sani game da haƙƙin ma'aikaci, daga 'yar ƙasidar da sandika ta raba mana na koye shi, na karanta ta har gefenta ya lanƙwashe. A cikinta kun gargaɗe mu cewa hukuma takan baza labarin an janye yaji don a karya mu, cewa kada mu saurari rediyon gwamnati, kada mu ji tsoron mai kaki, kada kuma kowa ya koma aiki sai ya ga takardar sandika da hatiminta. Na riƙe wannan magana kamar yadda aka rubuta ta.

Ashe ba a daɗe ba kuka daidaita da hukuma a Yamai. An buga tarho ofis-ofis an ce a koma aiki. Nawa ofishin ba shi da tarho, kuma babur ɗin da ya san hanyar ƙofata ranar farawa bai dawo ba.

3. Akwai wani dattijo a garin, Baba Kyari, tsohon soja. Kowace safiya yakan zo ya zauna a bencin ƙofar ofis da rediyonsa, mu sha shayi. A gari na Barebari, inda Hausata ta ciniki ce kawai a kunnen mutane, shi ne wanda nake doguwar hira da shi. Shi ya fara zuwa ya same ni a gida, yana murna, ya ce in ɗauko makulli, ya ji da kunnensa an ce an gama. Na amsa masa cikin ladabi cewa ba a dogara da abin da aka faɗa a rediyo. Akwai mutane a wurin. Ya dube ni ya ce shi da ya yi yawon duniya da bindiga, yau yaron Damagaram ne zai ce masa bai san abin da kunnensa ya ji ba. Ya naɗe rawaninsa ya tafi.

Bayansa kwamandan jandarma ya aiko a ce mini in buɗe ofis. Na duba ƙasida, na ga daidai abin da kuka ce zai faru ke nan, sai na ƙara dagewa. A daidai lokacin Komadugu ta cika ta yanke hanya, motar wasiƙu ba ta zuwa. Ni kuwa rashin zuwanta na ɗauka shaida ce cewa 'yan'uwana na ko'ina suna nan daram. Ina zaune a ɗaki ni kaɗai, ina jin kamar muna da yawa.

Makonni suka wuce a haka. Manoman tattasai masu jiran saƙon 'ya'yansu daga Libiya suka daina tsayawa su tambaye ni, suka koma wucewa kawai. A masallaci ana ba ni hannu, ba a riƙewa. Matar da ke aiko mini da tuwon dare ta ce itace ya yi mata wuya. Sai a lokacin na gane cewa duk zumuncin da nake da shi a garin ta tagar ofis yake shigowa, ni kuma da hannuna na rufe ta.

4. Da abin ya ishe ni, na hau kwalekwale, daga nan na sami motar tattasai zuwa Difa, da niyyar in tambayi halin da gwagwarmaya take ciki. Na tarar da gidan waya a buɗe, mutane a layi, abokan aikina suna buga hatimi. Na tsaya a bakin ƙofa ban iya shiga ba. Da suka ji labari, dariya suka yi har wani ya dafa bango. Ɗayansu ya ce a tashi tsaye ga Janar na Komadugu, wanda ya riƙe wa ƙasa yaji shi kaɗai. Sunan ya bi ni har yau. Wakilinku bai yi dariya ba, wannan na shaide shi. Ya ce in yi haƙuri, wallahi ya manta akwai mutum a can. Na fi son da ya ce da gangan ya yi.

5. Hukumar aiki ba ta ɗauki abin da wasa ba. Duk kwanakin da suka biyo bayan janye yajin an rubuta su a matsayin gudun aiki. An sa mini takardar gargaɗi a dosiye, wato fayil ɗina na aiki, an soke canjin wurin aiki da nake jira zuwa Damagaram, an kuma sanar da ni a rubuce cewa in aka sake, kora ce. Na nemi sandika ta ba da shaidar layi biyu cewa ba a sanar da ni ba. Ba a ba da ita ba. Ƙaramar 'yata ta fara tafiya, ta fara magana, duk ba a gabana ba. Baba Kyari kuwa ya mayar da zamansa rumfar tela. Na je na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, amma bai sake zama a bencin ba har Allah ya karɓi ransa.

Ba na cewa ƙasidarku ƙarya ce. Ina cewa wanda ya rubuta ta yana zaune ne kusa da tarho, bai kuma yi tunanin irinmu ba.

6. Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka. Na farko, a rubuta wa hukumar aiki gaskiyar abin da ya faru, a nemi a cire gargaɗin daga dosiyena kafin a shiga sabon yaji. Na biyu, duk ofishin da aka aika wa mutum ranar farawa, a aika masa mutum ranar gamawa, a kuma rubuta sunan wanda aka ɗora wa wannan nauyi. Na uku, a gyara ƙasidar, a faɗi abin da ma'aikaci zai yi in hanya ta yanke, labari ya saɓa, ba shi kuma da wanda zai tambaya. Ba ni kaɗai ke zaune a irin wannan wuri ba. Akwai masu tsaron ofis su kaɗai ta wajen Maine da Gigimi, ban san ko sun san abin da ya same ni ba.

Ga amsata, Malam Sakatare. Na daɗe ina juya ta, domin shekarun da suka rage mini kafin ritaya ba su da yawa, in kuma aka kore ni ban san da wace fuska zan shiga Damagaram ba. Duk da haka ina ciki. Ba zan sayar da tambur ba ranar da 'yan'uwana suka ajiye aiki. Sai dai ba zan sake zaman jira a bakin kogi ba. Na bincika dokokinmu da kyau, ban ga inda aka ce dole mai yaji ya zauna a garin da yake aiki ba. Ranar da aka fara zan kulle ofis, in sanar da Bulama, mai garin, inda na nufa, in taho Difa da tabarmata da butata, in shimfiɗa a ƙofar gidan wakilinku. Inda ya je zan bi shi. Ranar da ya koma aiki, a ranar zan kama hanya. Ina roƙo a sanar da shi tun yanzu, ya kuma gaya wa iyalinsa kada su tsorata in sun ga baƙo a zaure. In akwai wani daga cikin abokan aiki da zai iya ba ni wurin kwana, zan gode ƙwarai, don a duk faɗin Difa ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba in ba taku ba.

Allah ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya sa a dace a wannan karo, ya tsare ka da iyalinka daga zaman kaɗaici. Allah ya jiƙan Baba Kyari.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Habu Isufu,
ma'aikacin gidan waya, bakin Komadugu.