Muryar Baba a Guruf ɗin Dangi

Garbadu

Assalamu alaikum ɗiyata Khairat,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya mijinki Abdulhamid, ya ƙarfin jiki? Ki yi haƙuri da rubutun, aji huɗu na yi a firamare, shi ma rabinsa ta taga nike leƙe.

Na koma takarda don kin daina ɗaukar kira. Mijinki ya ce wayar ba ta barin hannunki, tuwo na hucewa gabanki, maƙwabta sun gaji da sallama. Ya ce likita ya kira abin ciwon damuwa, ya nemi ki koma, kin ƙi. Ni na saya miki wayar nan, na yi ta taƙama a kasuwa kamar jirgi na saya. Mi kike kallo ciki haka? Jibo direba zai karɓo amsa.

Babanki,
Ɗanbaba

Bakura

Wa alaikumus salam Baba,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Umma.

Kai nike saurare. Duk rasuwa, duk harin da aka ce an kai Faru ko Damaga, kai ke fara turowa guruf ɗin dangi, da muryarka. In wayar ta yi ƙara gabana ya faɗi. In ta yi shiru, sai in ce yau kai aka ɗauke. Ba ni iya ajiye ta, ba ni iya ɗauka. Na gaji, Baba.

Ɗiyarka,
Khairat

Garbadu

Assalamu alaikum Khairat,

Sannu. Ni a zatona zumunci nike yi. Tun ina saurayi ni ke zagaye ƙauyuka da keke ina faɗin rasuwa, har mutane in sun hango ni sai su fara salati. Waya ta hutar da gwiwoyina, ashe ke ta gajiyar.

Ummanki ta ƙwace wayata, ta kulle a akwatin zannuwanta. Jiya an yi rasuwa, ni ne na ƙarshen ji a garin. Na sha kunya, amma ban mutu ba.

Ranar Laraba zan zo mu tafi wurin likitan tare. In kin ƙi, in zauna ina ba ki labarin akuyata har ki roƙe ni mu tafi.

Allah ya ba ki lafiya.
Babanki

Bakura

Baba, ina gaisuwa.

Ka zo. Kada ka aro waya ka kira. Ka yi sallama a ƙofa, zan fito.

Khairat