Motar Ɗauko Inna

Lahadi, 15 ga Yuni, 2025

Yaya Zayyanu ya sake tayar da maganar yau bayan la'asar, a gidansa na Arkilla. Wai a kwaso Inna daga ƙauye kafin ruwa ya zauna, har ya gyara mata ɗaki. Hujjarsa bara ce: motata ta kafe a fadama, Inna ta rasa zuwa ganin likita, hawan jinin ya kusa kayar da ita. Ban musa ba. Amma ni ta riƙe wa hannu da Sallah ta ce, "Kada ku hidda ni ɗakina, Maccido." Shi yana waje yana waya.

Na ce masa bana zan riƙa kawo ta asibiti duk wata in mayar da ita, ko ina ruwa ya kai. Ya ce da wace motar? Na ce da wannan dai. Ya yi dariyar nan tasa ta ofis. Mun tsaya a kan in na kasa sau ɗaya, ta dawo birni, babu gardama.

Ba zan kasa ba. Na rubuta ne don in gan shi a rubuce.

Talata, 17 ga Yuni

Na shiga ƙarƙashin motar na dudduba. Ba inji ba ne, giyar ƙafa huɗu ma lafiyarta lau. Cikinta ne ke zama kan laka, tayoyi su yi ta juyi a banza. Sifirin na baya ya kwanta, buhunan albasa na shekara da shekaru sun gama da shi. Magani: a ɗaga ta, a sa manyan tayoyi.

Na kai wa Muntari ita garejinsa a nan Tudun Wada. Tun firamare muke tare, bai taɓa ce mini a'a ba. Ya ce, "Wanga ai ƙaramin aiki na. Falle biyu za mu ƙara ma sifirin, awa yadda munka yi ma sauran 'yan albasa." Na ce uku. Ya ce, "Ko goma kac ce, mai gida."

Gaba kuma dunƙulen ƙarfe za a sa, don ta daidaita da baya. Shokazoba dogaye.

Asabar, 21 ga Yuni

Ukun nan bai yi yawa ba? Bai yi ba.

Laraba, 25 ga Yuni

An gama. Ban yarda na tafi ba sai da aka ɗaga ta a jak na bi komai da hannuna. Gara da na yi: tiyon birkin baya ya miƙe tamau kamar tsirkiya, da ta faɗa rami sai ya tsinke. Aka sa dogo. Na sa aka sake ɗaure kowane noti a gabana, Muntari yana ta mita wai ko mai duba jarrabawa bai kai ni ba.

Ta tashi sosai. Mutane na juyowa suna kallo a hanya. A kwana tana ɗan rangaji, sai na rage gudu. Tana kuma tsalle a kan kowane tudun titi, haƙorana har haɗuwa suke. Sabon ƙarfe ne, zai saki.

Matata Wasila ta tsaya bakin ƙofa da zaninta ta dubi matakin ta dube ni. Ta ce, "Baban Khairiyya, da tsani aka hawa?" Mata.

Juma'a, 4 ga Yuli

Yaya ya ga motar a masallaci. Ya zagaye ta sau biyu, sai da zai shiga tasa ya ce, "Allah shi tsare." Na san irin wannan addu'ar.

Lahadi, 20 ga Yuli

Na ratsa!

Ruwa aka yi jiya kamar da bakin ƙwarya. Na ce yau ce ranar gwaji. A bakin fadama na tsaya, na rage wa tayoyi iska, na naɗe wando na taka hanyar da ƙafa tukuna. Wurin da na kwana bara yana nan, ya ma fi zurfi. Na sa ƙaramar giya, ban taka da ƙarfi ba, ban saki ba. Ta shiga, laka ta kai rabin taya, ta yi gurnani, ta fita. Cikinta ko gogar ƙasa bai yi ba. Masu dashen shinkafa suka miƙe suna ɗaga mini hannu.

Na kai wa Inna magani da goro. Ta leƙo ta ga motar ta ce, "Wagga ta yi girma ko ni na ƙanƙance?" Muka yi dariya. Tana da ganin likita farkon Agusta.

Na ɗauki hoton tayoyin da laka na tura wa Yaya. Ya gani, bai amsa ba. Ya ishe ni.

Litinin, 4 ga Agusta

Ban san ta ina zan fara ba.

Na isa da wuri. Inna ta shirya, ta yafa mayafinta na unguwa. Ta zo bakin mota ta ɗaga ƙafa, ba ta kai ba. Ta sake, ba ta kai ba. Ta ce, "Raƙumi ma shina durƙusawa a hau shi." Aka kawo kujerar tsugunno, duk da haka sai da na ɗauke ta cak na ɗora. Gaban maƙwabta. Ta kau da kai. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ban san ta rame haka ba.

Sai hanya. Babu kaya a baya, ko buhu ɗaya. Falle ukun nan ba su san da mutum a ciki ba. Duk ramin da muka taɓa sai bayan motar ya yi sama ya dawo da ƙarfi, ita kuma ta tashi daga kujera ta faɗo. Na rage gudu har masu jakai suna wuce mu. A fadama kuwa ba a tsayawa, in ka tsaya ka kafe, dole na taka. A nan na ji ta ce "Wash" sau ɗaya, ta damƙe ƙofa. Daga nan sai salati a hankali har muka hau kwalta.

A asibiti da keken marasa lafiya aka shigar da ita. Ita da ta fito ɗakinta da ƙafarta.

Amma na kawo ta. A rubuta wannan: ban kasa ba.

Talata, 5 ga Agusta

Hoto ya nuna ƙashin bayanta ne, da ma ya yi rauni, jijjigar ta taɓa shi. Likita ta ce kwanciya, kuma kada a sake bin irin wannan hanyar da ita yanzu. Tana gidana, ɗakin Khairiyya.

Yaya ya zo. Na shirya masa amsa tun safe. Bai tambaye ni komai ba, ya zauna gefen katifa yana yi mata fifita. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 9 ga Agusta

Na koma gareji. In an cire fallayen, za ta yi laushi amma ta sauka, ta zauna a laka. In an bar su, sai da kaya take zama lafiya. Muntari ya ce a riƙa loda buhunan yashi a baya. Na gwada da shida har fadama. Ta yi dama, ƙwarai ma. Na ɗora kofin ruwa kan kujerar da Inna ta zauna don in gani. Rabi ya zube.

Ni da Muntari duk motar albasa muka gina. Babu wanda ya tuna cewa tsohuwa za a ɗauka. Shi ai aikinsa ya yi. Ni na ce uku.

Ba zan cire ba dai. Motar ba ta yi laifi ba.

Laraba, 13 ga Agusta

Inna ta fara zama da filo a baya. Jiya ta tambaya wa ke ba awakinta dusa. Yau na je ƙauye ni kaɗai.

Awaki uku, akwatinta, tabarmar sallah, ƙoren da ke jere kan gado. Uwani maƙwabciyarta ta taya ni ɗaurewa, tana ta tambaya yaushe za ta dawo. Na ce da kaka, in hanya ta bushe. Na rufe ɗakin na ba ta makulli saboda yoyo.

Da kaya a baya motar ta zo lumui, ko ƙwarya ɗaya ba ta fashe ba.

Ba Arkilla ta koma ba, a lura. Gidana take. Yaya bai ci wannan maganar ba, kuma zuwa kaka ne kawai.

Da ana sauke kaya Inna ta hango ta taga, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Har da turmin, Maccido?"

Na ce mata don nauyi ne, motar ta zauna.