Sunan Maƙerin Ƙofa

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan makwancinki na cikin haske.

Inna, makon jiya na karanta wani ƙaton littafi kan tarihin wani kamfanin kayan ado na Turai, masu ƙera wa matan attajirai sarƙa da zobe. Ba abin da suka bari: sunan kakan da ya fara, layin da ya buɗe shago, ɗan da ya gaje shi, har wanda yake hura masa wuta. A tsakiyar littafin sai ga hoton wata munduwa murɗaɗɗiya, mai kai biyu kamar 'ya'yan kanya. Taki ce sak. A ƙarƙashi sun rubuta wai mai zanen gidansu ne ya ƙago ta bayan ya zaga Afirka. Wai ya ƙago.

Kin san halina. Na ɗauki biro zan yi musu martani mai zafi, in ce ƙarya suke, wannan aikin maƙerin azurfa ne na garin Ƙofa, mai suna... Nan na tsaya. Ban san sunansa ba.

Ina tuna ki da ƙwaryar nono a ka, munduwar tana ƙyalli tun daga nesa. Duk Juma'a kikan goge ta da toka da tsamiya, kina cewa, "Wannan ta fi Baffanku sanin hannuna."

Ranar da na gama jami'a a Kano, ni na raɗa miki ki ja mayafi ki rufe ta, kada ƙawayena su gani. Kika rufe. Abin da kika ce kawai, "To, Malama."

Da ciwo ya tsananta, a gidan Yaya a Tudun Wada, sai da sabulu kika iya zare ta. Kika damƙa mini, kika faɗi wanda ya ƙera ta, da sunan mahaifinsa, da shekarar da kika sayar da karsana kika kai masa aikin. Ina yi miki fifita, ina cewa to, to, hankalina yana tashar mota, ina ƙosa in koma.

Bayan sadakar arba'in na kai ta aka narkar, aka yi mini siraran zobba biyu na yayi. Ɗaya ya ɓace a wurin wanki.

Shekaranjiya na je Falgore wurin ƙanwarki, Yafendo Dije, na tambaye ta sunan maƙerin. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ke aka gaya wa, 'yar boko. Mu gani kawai muke yi." Na biya Ƙofa. Inda maƙerar take a da, yanzu cajin waya ake yi. Dattawa uku suka ba ni suna uku, kowa yana rantsuwa.

Har yanzu ina jin haushin mutanen can, Inna. Amma su sun sa tasu a gilashi sun rubuta suna, ko da na ƙarya ne. Ni da aka ba ta gaskiya da sunan gaskiya, wuta na kai ta. Ban aika martanin ba. Da wane bakin?

Ki yafe mini mayafin nan, Innata. Ki yafe mini "to, to".

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki. Allah Ya jiƙan bawan nan da ya auna hannunki. Shi dai Ya san sunansa.

'Yarki,
Malama