Kwalaben Issah

Litinin, 7 ga Oktoba
Abin da nake buƙata ɗaya ne: akwatin nan ya fita daga inda hannun ’yata Latifatu zai kai. A waya nake faɗa, don ban iya rubutu ba, kuma in na faɗa wa mutum a gidan nan, kafin la'asar duk unguwar Nima ta ji.

Issah, maigidana, gyaran talabijin yake yi a bakin titi. Amma ransa yana wurin rediyon da yake magana da mutanen wasu ƙasashe. Har takardar izini ya samo. Shi ya haɗa akwatin da ke ƙara wa muryarsa ƙarfi, da hannunsa, ya ɗora a tebur kusa da gado. Ɗakinmu ɗaya ne. A cikin akwatin akwai kwalba mai ja kamar garwashi, shi yana ce mata bawul. Ran Asabar ta mutu. Allah ya yafe mini, na yi murna.

Yanzu wai zaɓe yake. Ko ƙanana guda biyu, ko wata babba ɗaya. Latifatu wata goma, ta fara kama ƙafar tebur tana miƙewa.

Talata, 8 ga Oktoba
Na sa masa tuwo, ya ci rabi yana kallon hoton kwalba a waya.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Na tambaye shi, Baban Latifatu, me ya raba babbar da ƙananan? Ai kamar jira yake. Wai da ƙananan muryarsa iyakarta Turai in an yi sa'a, da babbar kuwa har Japan. Na ce wa ka sani a Japan? Ya yi dariya. Sai ya ce babbar tana cin wuta sama da ninki goma na wutar bango. “Sahada, wutar nan bijimin sa ma sai ta kayar da shi.” Da alfahari paa ya faɗa. Wai ko an cire filogi, wuta tana zama a ciki na ɗan lokaci, kamar ruwa a randa.

Ni yake faɗa wa haka, ina shayar da ’yarsa.

Na ce to ka ɗauki ƙananan. Ya ce ba abin da na sani a ciki. Gaskiya ne. Shi ya fi ba ni haushi.

Lahadi, 13 ga Oktoba


Issah ya aro babbar daga wani tsoho a kasuwar Abossey Okai, Alhaji Osumanu, wai ya gwada. Ta fi akwatin tsayi, murfi bai rufuwa, sai ya bar shi a buɗe ya sa fanka. Ana shirin sallar la'asar ya danna abin magana. Sai kawai muryarsa ta fito daga lasifikar masallacin bayan gidanmu! Da Turanci, yana kiran duk mai ji ya amsa. Wai ƙarfin ya yi yawa, wayar masallaci ta kama. Mma Damata mai gidanmu ta leƙo da buta a hannu ta ce, “Issah, yaushe aka ba ka ladanci?”

Ya zare filogi ya fita da gudu ya ba liman haƙuri. Ko takalmi bai sa ba. Ni ina bakin ƙofa ina jin kunya, matan gida suna dariya. Na juya. Latifatu tana tsaye a jikin tebur, ta miƙa hannu cikin akwatin. Tsakanin yatsanta da wayoyin bai kai tsawon cokalin shayi ba.

Ban san yadda na isa ba. Na fizgo ta har kanta ya bugi gado. Ta yi kuka, na yi kuka.

Da ya dawo ya ce, “Ai na cire filogi.” Na ce kai da bakinka ka ce wuta tana zama a ciki. Ya rufe akwatin da tawul. Tawul!

Talata, 15 ga Oktoba
Kwana biyu Latifatu tana goye a bayana daga asuba. Tana so ta sauka, tana dukana da ƙafa. Bayana kamar zai karye. Shi kuma ya ce zai riƙe babbar, zai yi mata keji in ya samu lokaci. Na san lokacinsa. Ƙofar kabad ɗinmu tun azumi take jiran lokacinsa.

Laraba, 16 ga Oktoba
Na yi abin da ban taɓa yi ba.

Ya zare babbar jiya ya sa a kwalinta. Yana fita aiki na naɗe kwalin a zani, na goya yarinya, na shiga torotoro, motar haya. A Abossey Okai na yi ta tambaya cikin masu sayar da kayan mota, ina Alhajin rediyo. Wani ya ce gilashin mota nake so? Na ce a'a. A ƙarshe wata mai sayar da koko ta nuna mini lungun.

Tsoho ne mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Na gaishe shi, na ajiye kwalin. Na ce Baaba, ni matar Issah ce, ban iya karanta lambar da ke jiki ba, ka ba ni wadda ba ta kisa.

Ya ce, “’Yata, babu. Ƙananan ma wutarsu tana kisa.”

Duk kwanakin nan ina ganin in na ci nasara a kan ƙananan shi ke nan.

Na faɗa masa abin da ya faru ran Lahadi. Ya cire tabarau duka biyun. Ya ce buɗaɗɗen akwati ne abin tsoro. Ƙananan suna shiga ciki a rufe murfi a ɗaure da noti. Kuma akwai wani maɓalli da ake sawa, in an ɗaga murfi ya yanke wuta ya zubar da ta ciki. Ya ce ya faɗa wa Issah tun bara. “Yaron nan kunnensa yana Japan.”

Ya fito da tire cike da ƙananan. Ya ce in duba, kowace akwai tabo a cikin gilashin. In yana ƙyalli kamar madubi, lafiya. In ya yi fari kamar alli, iska ta shiga, ta mutu. Wannan kam na iya, ai kamar zaɓen ƙwai ne. Na ɗaga su ɗaya ɗaya a hasken ƙofa. Ya miƙo mini wata, na ce Baaba wannan gefenta ya fara fari. Ya duba ya ce, “Ei! Wallahi kuwa.” Na zaɓi biyu, ya gwada su a wata na'ura mai allura, ya ce ƙarfinsu ɗaya, kamar tagwaye. Ya riƙe babbar, ya ba ni su, ya ce sauran magana tsakaninsa da Issah.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Issah bai yi ihu ba. Da ma ya yi. Ya ce, “Kin ɗauki kayana kin kai kasuwa kamar tumatur.” Na ce ’yarka ce na ɗauka. Ya fita bai sha koko ba.

Alhaji ya kira shi a waya. Ban ji me ya ce ba, amma Issah ya yi ta cewa to Baaba, to Baaba.

Asabar, 19 ga Oktoba
Issah ba ya mini magana kuraa, ko kalma ɗaya. Amma ya dawo da falle na ƙarfe da noti a leda.

Laraba, 23 ga Oktoba
An rufe. Noti takwas, na ƙirga. Ya nuna mini maɓallin ba tare da ya kalle ni ba. Kafinta ya buga katako a bango sama da kaina, akwatin yana can.

Na sauke Latifatu. Ta yi taku biyu ta faɗi a kan tabarma.

Bayan la'asar ya kunna. Masallaci shiru. Wani mutum ya amsa masa, wai daga Italiya, murya kamar daga cikin rijiya. Issah ya ce ba Japan ba ne dai. Na ɗan tsaya ina leƙen ramukan murfin, ana ganin kwalabena suna ja a ciki. Kwalabensa, nake nufi. Tuwo ne ya kusa ƙonewa.

Tsoron bai tafi duka ba. Na san wata rana zai so ya buɗe ya gyara wani abu. Ranar da murfin nan zai buɗe, yarinya tana wajen Mma Damata, ƙofa a kulle, ni kuma ina tsaye a wurin. Na faɗa wa Mma Damata. Na sa an kira mini Alhaji na faɗa masa. Issah ma na faɗa masa ɗazu, a tsaye, yana riƙe da abin maganarsa.